Tsofaffin Gidajen Bakin Kogin James: Gundumar Da Ta Haifi Shugabannin Amurka Biyu

A Jihar Virginia ta ƙasar Amurka, tsakanin birnin Richmond da tsohon garin Williamsburg, akwai wata gunduma da ake kira Charles City. Duk wanda ya ji sunan zai zaci wani babban birni ne, alhali kuwa ko gari mai girman kirki babu a cikinta. Daji ne da fadama da gonakin masara da waken soya, kogin James ya yi mata iyaka ta kudu, kogin Chickahominy ta gabas da arewa. A ƙidayar shekarar 2020 mutanenta duka 6,773 ne, wato ba su kai jama'ar unguwa guda ta Kano ba. Amma a wannan 'yar gunduma aka haifi shugabannin Amurka biyu, kuma a bakin koginta ne wasu daga cikin gidaje mafiya tsufa a ƙasar suke tsaye har yau, wasunsu ma a hannun zuriyar waɗanda suka gina su.

Gundumar tana cikin guda takwas na farko da Turawan Ingila suka yanka a Virginia a shekarar 1634, kuma sunan Sarki Charles na Ɗaya ta ci. Babbar hanyar motar da ta ratsa ta ana ce mata Hanya Ta 5. Matafiyi zai yi ta wuce itatuwa ba ya ganin kome, sai jefi-jefi ya ga allo a gefen titi da wata siririyar hanya ta nufi kudu. Idan ya bi ta mil ɗaya ko biyu sai ya ɓulla a bayan wani katafaren gida na jan bulo. A bayansa, domin kuwa fuskar gidajen nan kogi take kallo. A zamanin da aka gina su kogi shi ne babban titi, kuma jirgin ruwa daga Landan yakan zo har bakin gandun mutum ya sauke masa kaya, ya ɗebi taba.

TABA DA BAYI

Ba a fahimtar gidajen nan sai an fara da taba. Turawan da suka sauka a Jamestown a 1607 sun sha wuya, yunwa da cuta suka kusa ƙarar da su, har wani mai suna John Rolfe ya gwada shuka wani irin taba mai daɗin sha wajen 1612. Da Ingila ta karɓe ta hannu bibbiyu, sai kowa ya koma noman taba. Ita kuwa taba aba ce mai cin ƙasa da cin ƙarfin mutum. A reni iri, a dasa, a yi ta cire tsutsa da hannu ganye bayan ganye, a yanke, a shanya a rumfa, sa'an nan a danna a manyan gangunan katako waɗanda kowace takan kai nauyin laba 1,000. Bayan 'yan shekaru ƙasar ta gaji, sai a sare sabon daji. Saboda haka mai son arziki da taba yana bukatar fili mai yawa da hannaye masu yawa.

Filin dai na mutanen ƙasar ne, ƙabilun da ke ƙarƙashin Sarki Powhatan da maƙwabtansu 'yan Chickahominy, aka ƙwace da yaƙi da yarjejeniyar da ba a cikawa. Hannayen kuwa da farko talakawan Ingila ne da suka jinginar da kansu na shekara huɗu zuwa bakwai don a biya musu kuɗin jirgi. Daga baya aka koma ga 'yan Afirka. A watan Agusta na 1619 aka sauke mutum ashirin da 'yan kai daga yankin Angola a bakin tekun Virginia, a 1662 kuma majalisar yankin ta yi doka cewa ɗan da baiwa ta haifa bawa ne ko da wane ne ubansa. Wannan doka ita ta mayar da bauta gado. Masana tarihi sun nuna cewa kaso mafi girma na waɗanda aka kawo Virginia a ƙarni na 18 daga tashoshin Bonny da Kalaba aka ɗebo su, a ƙasar da yanzu take Nijeriya, akasarinsu Ibo. Ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake sauke su a sayar shi ne Bermuda Hundred, a tsallaken kogi daura da gandun Shirley. Su suka haƙa yumɓu suka gasa bulon gidajen nan, su suka sare katakon, su suka ɗora.

SHIRLEY

Shirley shi ne mafi tsufa. An fara zama a wurin a 1613, a 1638 kuma wani Edward Hill ya kafa gonarsa a nan. Tun daga lokacin gandun bai fita daga hannun zuriyarsa ba, tsatso fiye da goma, har ana lissafa shi a matsayin sana'ar iyali mafi daɗewa a Amurka ta Arewa. Babban gidan an fara shi a 1723 aka gama a 1738, bayan Elizabeth Hill, magajiyar gandun, ta auri John Carter, ɗan Robert Carter wanda saboda yawan dukiyarsa ake yi wa laƙabi da Sarki. Gidan hawa uku ne, a ƙololuwar rufinsa an sassaƙa abarba, wadda a al'adarsu alama ce ta karɓar baƙi. Abin da baƙo ya fi tsayawa kallo shi ne matakalar katako da ta tashi daga zaure har hawa na uku ba tare da wani ginshiƙi da ido ke gani ba, ƙarafan da suke riƙe da ita an ɓoye su cikin katakon.

A falon gidan nan aka ɗaura auren Anne Hill Carter da Henry Lee a 1793. Ɗansu shi ne Robert E. Lee, babban janar na jihohin Kudu a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, yaƙin da Kudu ta yi don kare bauta. Abin mamaki, yaƙin bai ci gidan ba. A watan Yuli na 1862, bayan karon Malvern Hill, sojojin Arewa da suka ji rauni suka cika filin Shirley, matan gidan suka fito suna ba su ruwa da abinci suna ɗaure musu rauni, ko da yake 'ya'yan gidan suna ɓangaren Kudu. Janar McClellan na Arewa ya ba da takardar kariya, aka sa masu gadi, gidan ya tsira.

BERKELEY

Mil kaɗan a gangaren kogi sai Berkeley. A ranar 4 ga Disamba, 1619, mutum 38 suka sauka a nan daga jirgin Margaret da ya taso daga Bristol, da umarnin cewa ranar saukarsu ta zama ranar godiya ga Allah kowace shekara. Da wannan ne mutanen Virginia suke kafa hujja cewa bikin godiya na Amurka a wurinsu ya fara, shekara biyu kafin na Plymouth da littattafan makaranta suka fi ambata. Zaman bai daɗe ba. A ranar 22 ga Maris, 1622, mutanen ƙasar a ƙarƙashin Opechancanough suka far wa ƙauyukan Turawa a rana guda, suka kashe 347, Berkeley ya watse.

Iyalin Harrison suka sayi wurin a 1691. Benjamin Harrison na Huɗu ya gina gidan da ke tsaye yanzu a 1726, ya sa aka rubuta shekarar da farkon harufan sunansa da na matarsa a kan dutse bisa wata ƙofa. A 1745 aradu ta faɗa wa gidan yana ƙoƙarin rufe taga, ta kashe shi tare da 'ya'yansa mata biyu. Ɗansa, Benjamin na Biyar, yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar shelar 'yancin Amurka a 1776, kuma ya biya kuɗin wannan sa hannu: a watan Janairu na 1781 Benedict Arnold, janar ɗin da ya ci amanar Amurka ya koma wajen Ingila, ya zo da soja ya fitar da hotunan kakannin gidan ya ƙone, ya kwashi bayi da dabbobi.

A wannan gida aka haifi William Henry Harrison a 1773. Lokacin zaɓen 1840 'yan jam'iyyarsa suka yi ta tallarsa a matsayin talaka mazaunin bukkar gungume, jama'a kuwa suka saya, alhali mutumin a gidan bulo mai bayi ya tashi. Ya ci zaɓe, ya zama shugaba na tara, ya yi kwana 31 a kan mulki ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 1841. Mataimakinsa da ya gaje shi, John Tyler, shi ma ɗan gundumar ne, gidajen haihuwarsu ba su fi 'yan miloli tsakani ba. Jikan Harrison, wani Benjamin ɗin, shi ma ya yi shugabanci daga 1889 zuwa 1893.

A damina ta 1862 rundunar McClellan, mutum dubbai masu yawa, ta yi sansani a Berkeley wajen mako shida. Suka sare itatuwa, suka mayar da kujeru da teburan gidan makamashi, Shugaba Lincoln da kansa ya zo duba su. A wannan sansani ne Janar Daniel Butterfield da mai busa begilarsa Oliver Norton suka tsara busar nan da ake kira Taps, wadda har yau ake yi wa sojan Amurka idan za a kwanta da kuma idan za a binne shi. Cikin rundunar akwai wani yaro ɗan asalin Sikotilan mai kaɗa ganga, sunansa John Jamieson. Shekara 45 bayan haka, a 1907, ya dawo ya sayi gandun, ya tarar gidan ya lalace. Ɗansa Malcolm ya gaje shi a 1927, shi da matarsa Grace suka share shekaru suna gyara, suka buɗe shi ga masu ziyara. Wato gidan manyan Kudu, ɗan sojan Arewa ne ya cece shi.

WESTOVER DA LITTAFIN SIRRI

Idan maganar kyau ake yi, yawancin masana gini Westover suke miƙa wa tuta. Dogon gida ne na jan bulo mai rufi a tsaye da dogayen bututun hayaƙi, gabansa fili ne har bakin ruwa, da manyan itatuwa, da ƙofofin ƙarfe da aka ƙera a Ingila. Ƙofar shigarsa ta yi suna har magina a ko'ina cikin Amurka suka riƙa kwaikwayonta. An daɗe ana cewa William Byrd na Biyu ne ya gina shi wajen 1730, amma da masana suka ƙidaya zobban da ke cikin katakon rufin, waɗanda suke nuna shekarar da aka sare itacen, sai ya bayyana ginin ya fi kusa da 1750, zamanin ɗansa.

Byrd na Biyu shi ne ya yanka garin Richmond a 1737. Mutum ne mai ilmi, ya yi karatun shari'a a Landan, ya tara littattafai fiye da 3,000, ɗaya daga cikin manyan taskokin littafi na Amurka a lokacin. Yana kuma da littafin da yake rubuta abin da ya yi kowace rana da wani gajeren rubutu na sirri, wanda ba a warware aka buga ba sai 1941. A ciki ne mai karatu zai ga yadda rayuwar gandu take ba tare da kwalliya ba. Mutumin yakan tashi da asuba ya karanta Ibrananci da Girkanci, ya yi addu'a, ya sha madara, sa'an nan a layi na gaba ya rubuta cewa ya sa an yi wa baiwa bulala. Akwai wani yaro bawa mai suna Eugene da ke fitsarin kwance, a 1709 Byrd ya rubuta cewa ya tilasta masa shan fitsari don horo. Ya rubuta wannan kamar yadda ya rubuta abin da ya ci da rana, kuma wannan rashin damuwar ya fi bulalar kanta tayar da hankali.

Ɗan nasa, Byrd na Uku, ya gaji dukiya mai yawa ya ƙarar da ita a caca da tseren dawaki da bashin 'yan kasuwar Landan. Ya sayar da fili, ya sayar da bayi ɗaruruwa, bai fita ba. A farkon Janairun 1777 ya kashe kansa, aka sayar da littattafan ubansa. Irin wannan bashi ciwon manoman taba ne gaba ɗaya: dillali a Ingila shi ke sayar musu da tabar, shi ke sayo musu tufafi da karusa da giya, shi ke riƙe da lissafi. Gidan ya yi ta sauya hannu, ɓangarensa na gabas ya ƙone lokacin yaƙin basasa, har Richard Crane, tsohon jakadan Amurka a Cekosulobakiya, ya saye shi a 1921. Zuriyarsa suka ci gaba da zama a ciki.

GIDAN TYLER

John Tyler, da ya hau mulki, ya saɓa da jam'iyyarsa ta Whig har suka kore shi. Da ya sayi wani gandu a gundumarsu a 1842 sai ya raɗa masa Sherwood Forest, sunan dajin da ɗan fashin almarar Ingila Robin Hood ya ɓuya, wai shi ma korarre ne. Gidan na katako ne, siriri, tsawonsa ya haura ƙafa 300, ana cewa babu gidan katako da ya kai shi tsawo a Amurka. Daga cikin tsawon har da zauren rawa mai ƙafa 68 da ya ƙara saboda amaryarsa Julia Gardiner, wadda ya aura a 1844 ya girme ta da shekara 30. Da yaƙin basasa ya zo Tyler ya bi Kudu, aka zaɓe shi majalisarsu, ya rasu a Janairun 1862 aka lulluɓe akwatinsa da tutar 'yan tawaye. Gwamnatin Washington ba ta yi masa zaman makoki ba.

Tyler ya haifi 'ya'ya 15, kuma saboda shi da ɗansa Lyon duk sun yi haihuwar tsufa, jikansa Harrison Ruffin Tyler, wanda aka haifa a 1928, ya rayu har watan Mayu na 2025. Kakan an haife shi a 1790, zamanin George Washington yana shugaba. Wannan jikan shi ya gyara Sherwood Forest, kuma a 1996 ya sayi wani wuri kusa da shi da ake kira Fort Pocahontas, wanda labarinsa ya bambanta da na kakansa ƙwarai.

WAƊANDA BA A RATAYE HOTUNANSU BA

A wannan wuri ne, ranar 24 ga Mayu, 1864, baƙaƙen sojojin Arewa wajen 1,100 a ƙarƙashin Janar Edward Wild suka tare sojan doki wajen 2,500 na Janar Fitzhugh Lee, ɗan ɗan'uwan Robert E. Lee. Da yawansu tsofaffin bayi ne. Wata guda da rabi kafin nan 'yan Kudu sun yi wa baƙaƙen sojoji da suka miƙa wuya kisan gilla a Fort Pillow, saboda haka da Lee ya aiko a yi saranda, aka ƙi. Suka yi ta ɓarin wuta daga ramukan da suka haƙa, jirgin yaƙi yana taimaka musu daga kogi, har maharan suka janye. A cikin watan nan ne kuma Wild ya sa aka kama wani mai gandu, William Clopton, wanda ya yi suna wajen dukan bayi mata, aka ɗaure shi a itace, waɗanda ya daka suka rama.

Kafin yaƙin, fiye da rabin mutanen gundumar bayi ne. Akwai kuma baƙaƙe 'ya'ya masu yawa, waɗanda suka kafa ƙauyen Ruthville da majami'ar Elam a 1810. Daga cikin bayin gundumar akwai Lott Cary, wanda aka haifa wajen 1780, ubangidansa ya ba da shi haya a siton taba a Richmond, ya koyi karatu da kansa, ya tara kuɗi ya fanshi kansa da 'ya'yansa biyu a kan dala 850 a 1813. A 1821 ya tashi zuwa Saliyo, daga can Laberiya, inda ya kafa majami'ar Providence a Monrobiya, ya yi aikin magani, har ya riƙe muƙamin gwamna a 1828, shekarar da fashewar albarushi ta kashe shi. 'Yan Chickahominy su ma ba su bar ƙasarsu ba. Dokar Virginia ta 1924 ta share sunan ƙabilarsu daga takardun haihuwa, kuma sai a Janairun 2018 gwamnatin tarayya ta amince da su a hukumance.

Ɗakunan bayin na katako ne, yawancinsu sun ruɓe ko an rushe. Shekara da shekaru mai zagayawa da baƙi yakan nuna matakala da azurfa da hotunan kakanni, idan ya zo kan waɗanda suka yi aikin sai ya ce "barori" ya wuce. Abin ya fara sauyawa, ana tono sunaye daga takardun gado da na haraji, inda aka jera mutane tare da shanu da dawaki. A Berkeley, bukkokin bayi da aka gina don ɗaukar fim ɗin Harriet na 2019 an bar su a tsaye don nuna wa baƙi. Kayan wasan kwaikwayo ne suka zo suka cike gurbin na gaskiya.

WA ZAI BIYA KUƊIN RUFI?

Gidajen nan ba na gwamnati ba ne, na iyalai ne. An sa Westover cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa a 1960, Sherwood Forest a 1961, Shirley a 1970, Berkeley a 1971, amma wannan girmamawa ba ta gyara rufi mai yoyo. Noman masara da alkama shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin gini mai shekara 300. Saboda haka masu gidajen suka koma ga kuɗin shiga na masu yawon buɗe ido, da ba da hayar fili ga masu fim, da bukukuwan aure. Wasu kuma sukan ƙulla yarjejeniya da jiha cewa har abada ba za a yanka filin a yi unguwa ba, a saka musu da rangwamen haraji, tsarin da Virginia ta fara a 1966.

Harkar auren ita ta fi jawo magana. Baƙaƙen Amurka da yawa suna ganin rashin kunya ne a yi rawa da shagali a inda aka sayar da kakanninsu, kuma a Disambar 2019, bayan matsin ƙungiyar Color of Change, kamfanonin Pinterest da The Knot suka rage tallata bikin aure a irin waɗannan gandaye. Masu gidajen kuwa suna cewa idan babu wannan kuɗi ginin zai zube, tarihin kowa ya tafi tare da shi. Kowane ɓangare yana da abin riƙo, sai dai hujjar masu gida tana ƙarfi ne gwargwadon yadda suke faɗin tarihin duka.

Ita kanta gundumar ba ta yi arziki da gidajen ba. Jikokin bayi da 'yan Chickahominy su ne fiye da rabin jama'arta a mafi yawan ƙarni na 20, da yawansu aiki a Richmond ko Williamsburg suke zuwa, har zuwa shekarun 1980 akwai gidajen da babu famfo a ciki. A 1990 aka buɗe wani ƙaton juji a arewacin gundumar, wanda ke karɓar shara har daga wasu jihohi, kuma da kuɗin da kamfanin sharar yake biya aka gina wa yaran Charles City sababbin makarantu. A 2015 aka kammala hanyar keke mai mil 52 daga Richmond zuwa Jamestown, wadda ta bi gefen Hanya Ta 5 ta wuce ƙofar Shirley da Berkeley da Westover da Sherwood Forest, ta kuma wuce tsohon kotun gundumar na jan bulo da aka gina a ƙarni na 18.